Tek a Gonar Aro

Duk wanda ya taɓa sayen katako a Dapaong ya san rumfar Inna Jumma, ko da bai san sunanta ba. Tana bayan tashar manyan motoci, inda ƙarar injin yankan katako ba ta barin mutum ya ji sallamar ɗan'uwansa. Za ka tarar da ita zaune a kan kututture, gajera, baƙa, mayafi ɗaure a ƙugu, tana taunar goro da haƙoran da suka rage mata. Idan ka taya kayanta da rainin hankali ba ta zaginka. Kallonka za ta yi daga hula har takalmi, sannan ta tambaye ka ko ɗakin da za ka rufa na kaji ne. Ni sunana Muhsin, direban babbar mota ne, na fi shekara ashirin ina ɗauko mata kaya daga Sokodé, kuma har yau ban daina shan wannan kallo ba.

A Zangon Sokodé, unguwar Hausawa baƙi, aka haife ta. Kakanta bafatake ne, ya taso daga ƙasar Katsina da jakuna yana bin hanyar goro, ya sauka a Sokodé, ciwon ƙafa ya kwantar da shi, ayari ya wuce ya bar shi. Da ya warke sai ya yi aure ya zauna. Wani gidan Kotokoli, masu ƙasar wurin, suka ara masa gona a wani ƙauye kan hanyar Tchamba don ya ci da iyalinsa. Suka gindaya masa sharaɗi: kowace kaka a kai dami gidan masu ƙasa, kuma kada a dasa itace. Dawa, masara, doya, rogo, duk abin da ake girbewa a tashi an yarda da shi. Amma itace yana daɗewa fiye da wanda ya dasa shi, kuma a al'adar wurin wanda ya dasa shi ne mai shi, shi da 'ya'yansa. Wanda ka bari ya dasa itace a gonarka, ya zauna ke nan. Ba na ganin laifinsu gaba ɗaya, don an sha cinye wa mutane ƙasa ta wannan hanya. Abin da ke ci mini rai shi ne, kaka ya mutu a nan, uba ya mutu a nan, jika ta yi furfura a nan, kuma har yanzu sharaɗin baƙo ne a wuyanta.

Aure ne ya kai ta Dapaong, gidan wani mahauci mai suna Issa. A can ta lura mahauta na wahalar abin naɗe nama, alhali a Sokodé ganyen tek, wani itacen katako, faffaɗa kamar faifai, yana zube akuya ma ba ta ci. Sai ta fara aikawa ana ɗauro mata shi a kan motocin haya, tana sayar wa mahauta da masu abinci. Daga ganye ta koma sandunan rufi, daga sanduna ta koma katako. Ko da Issa ya rasu ya bar ta da 'ya'ya huɗu, ta riga ta kafa rumfarta, kuma babu wanda ya ji ta je ƙofar wani tana kuka. Mahaifinta ma da ya rasu, gonar aron nan a hannunta ta faɗa, domin yayanta Malam Nu'uman mutumin allo da littafi ne, bai san bakin fartanya ba. Ita ke biyan 'yan ƙwadago, ita ke aika damin kaka.

Inna Jumma ba ta yi lekol ba, wato makarantar boko, amma idan ana maganar itace ba ka katse ta. Tana zaune a gaban motata, duk tirelar gungume da muka yi kiciɓis da ita ta nufi Lomé sai ta nuna ta da baki ta ce wannan jirgin ruwa zai hau, Indiyawa za su yi ƙofa da shi, kuɗin waje ya shigo wa gwamnati. Takan ce a rediyo auduga da ma'adinin fosfat ake yi wa kirari, amma mutum ya duba bakunan da ke ci da itace a ƙasar nan: matan Langabou masu buhunan gawayi a bakin titi, masu sara, masu injin yanka, kafintocin Cinkassé, 'yan Burkina da ke tsallako iyaka neman katako, da irina masu jan mota. Turken lantarki itace ne, bencin 'yan makaranta itace ne, makarar da za a ɗauke ka ma itace ce. A kowane shingen hanya ma'aikatan daji na jiran rabon hukuma, kuma tana biya tana mita. Abin da ba ta iya haɗiyewa shi ne, duk wannan arziki tana iya saya, ta sayar, ta biya masa haraji, amma ba ta isa ta sa ko tsiro ɗaya a ƙasar da aka binne cibiyarta ba.

Abin ya fashe ne a wata ranar dashen itace, ɗaya ga watan Yuni, wadda gwamnati ke kiran kowane ɗan ƙasa ya dasa. An tara matan kasuwa aka yi musu jawabi, aka raba musu tsiron tek a baƙar leda. Inna Jumma ta rungumo nata tun daga Dapaong har Sokodé, ba ta yarda a sa shi a bayan mota ba. Ta dasa shi a gefen gonar da rana tsaka, ba ɓoye ba, don a ganinta hukuma ce ta ba ta. Washegari ta tarar an tuge shi an shimfiɗe a kan hanyar shiga gona, yadda ba za ta wuce ba sai ta tsallake shi. Ƙanin maigidan masu ƙasa ne ya yi, kuma bai ɓoye ba shi ma.

Ba ta koma gida ba, kai tsaye ta wuce wurin maigidan, Baba Alidu, abokin mahaifinta tun suna samari. Ta durƙusa ta gaishe shi yadda ya kamata, sannan ta zazzage masa abin da ke cikinta. Tsohon ya bar ta har ta gaji. Ya ce ba shi ya kafa sharaɗin ba, ba kuma shi zai tuge shi ba, don yana da ƙanne da 'ya'ya masu ido. Sai ya juya ya dubi gandun tek na gwamnati da ke kan tudu, sama da gonarta, ya ce da Hausarsa ta 'yan Kotokoli:

"Jumma, ruwa yana gangaro da iri daga can kowane damina. Abin da Allah ya tsirar, ni ba na tambayar shi takarda."

Ban san ko tsohon ya san abin da ya kunno ba. Daga wannan shekara ruwan saman ƙauyen ya yi hankali na ban mamaki. Irin tek ƙwallo ne mai tauri, ba ya tsira da sauƙi sai an jiƙa shi an shanya, an sake jiƙawa an sake shanyawa har ɓawon ya yi laushi. A kan rufin gidanta na Dapaong take wannan aiki, kusa da kuɓewa da barkono, maƙwabta na tambayarta wace irin miya ce wannan. Da ruwan fari ya sauka sai ta ƙulle irin a bakin zane, ta hau motata. A gona za ka ga tana yawo tana yi wa 'yan ƙwadago faɗa, tana dangwala ƙasa da babban yatsan ƙafa, tana wucewa. Ba ta taɓa sa biyu a layi ɗaya ba. Wanda ya tsiro a karkace ta cire shi da sunan ciyawa, wanda ya miƙe ta bar shi, ta riƙa sassabe masa rassan ƙasa don jikinsa ya tafi sak. Rabin gonar ta bar wa masara da dawa, dami bai taɓa fashin zuwa gidan Baba Alidu ba.

Kowa ya sani. Maƙwabtan gona suna mamakin yadda ruwa ke tsallake gonakinsu ya zube iri a tata kaɗai, ya kuma bar tazara mai kyau tsakanin itace da itace. Baba Alidu kan zo da sandarsa ya zauna a inuwar, ya ɗaga kai ya ce lallai Allah gwani ne, ita kuma ta ce ai kuwa, Baba. Su yi dariya, ta ɓare masa goro. Haka aka yi shekara goma sha wani abu, itatuwan suka kai inda babban mutum sai ya ware hannu biyu kafin ya rungumi wasu. Ba ta da niyyar saransu a lokacin. Takan ce tek bai zama tek ba sai ya haura shekara talatin, kuma ba don kanta take renonsu ba, jikokinta ne za su ci.

Sai Baba Alidu ya rasu. Ba a daɗe da sadakar arba'in ba dillalan masu fitar da gungume waje suka shiga ƙauyen da igiyar awo, suna zagaye itatuwan suna kallon juna. Gidan marigayin kuwa baki ya yi yawa, samari ba aiki, rufin ɗakuna na yoyo. Babban ɗan, Mumuni, mutum ne mai kunya, ba zan yi masa ƙazafi ba. Bai aiko ba, da kansa ya hau mota har Dapaong, ya cire takalmi a bakin rumfa, ya zauna ƙasa da ita.

Ya ce za a yi zama gaban Uro, sarkin ƙauyen, da Sarkin Zango. Abin da ake so ƙanƙane ne: a faɗa a gaban jama'a cewa itatuwan da kansu suka tsiro. Idan da kansu suka tsiro, na ƙasa ne, ƙasa kuwa ta gidansu ce. Za su sayar, su ba ta rabo mai kauri, gona kuma ta ci gaba da zama a hannunta da na 'ya'yanta kamar da. Amma idan aka ce dasa su aka yi, to itatuwan nata ne, sai dai an karya sharaɗin kakanni, kuma ba shi da bakin da zai hana danginsa karɓe gonar.

"Inna," in ji shi da irin Hausar mahaifinsa, "ni ban zo da faɗa ba. Magana ɗaya ne. Shekara nawa kana faɗin shi da Baba, ka ƙara faɗin shi sau ɗaya."

Ta ce da Baba wasa suke yi, kuma su biyun sun san wasa ne. Wannan kuwa rantsuwa ce gaban mutane. Ta sa aka kawo masa abinci, ta biya masa kuɗin mota, ba ta ce masa e ko a'a ba.

Labari ya riga mu isa Sokodé. Manyan Zango suka yi ta sintiri a gidan Malam Nu'uman, don ba gonar Jumma kaɗai ce ta aro ba. Gidaje da yawa na Zango a kan irin wannan aro suke cin masara, kuma tsoronsu shi ne idan mace ɗaya ta miƙe ta ce ta dasa, masu ƙasa za su firgita su bi sauran. Malam ya kira ƙanwarsa ɗaki, ni ina bakin ƙofa don ni na kawo ta. Ya yi ta kewaye-kewaye, domin malami ne, ba zai iya buɗe baki ya ce ta yi ƙarya ba. Daga ƙarshe ya ce ba sai ta ce komai ba. A irin wannan zama namiji ke magana da yawun gida, shi zai ce bai taɓa ganin ta dasa itace ba, kuma gaskiya ne bai gani ba, tunda bai taɓa taka gonar ba. Ita dai ta zauna a bayan mata ta rufe bakinta.

Ta ce, "Yaya, kenan kai za ka tsira da gaskiyarka, ni in ɗauki ƙaryar da shiru."

Ya ce ta ji tsoron Allah ta dubi mutane. Ta ce ta ji. A hanyarmu ta fita na ce mata ni dai da ni ne, da na karɓi rabon na huta, don gona da kuɗi sun fi suna. Ta yi mini kallon nan nata, ta ce shi ya sa har yau motar da nake ja ba tawa ba ce. Na ji zafin maganar. Can sai ta ce kuɗin ita ma tana so, ba waliyyiya ba ce. Amma tun tana yarinya take sayar da abin da wasu suka shuka, abu ɗaya tak ta yi da ƙafarta da guminta a ƙasar nan, kuma shi ake so ta ce ba ita ba ce. Idan ta faɗi haka, ta yarda da bakinta cewa ita baƙuwa ce, jikokinta ma baƙi ne, har ranar da za a tashi duniya.

Aka yi zaman da hantsi a ƙofar gidan Uro. Maza a kan tabarmi da benci, mata a baya jikin katanga, dillalan gungume a can gefe cikin motarsu suna jira. Mumuni ya yi bayani cikin ladabi, ya yabi kakanta da mahaifinta, ya ce dami bai taɓa yankewa ba. Malam Nu'uman ya yi addu'a doguwa, sannan ya faɗi abin da ya shirya, cewa shi bai taɓa ganin wani daga gidansu ya dasa itace a gonar ba. Sarkin Zango ya gyaɗa kai. Uro ya gyara zama zai rufe magana, kowa ya fara lalubar takalminsa. Ni kaina na saki numfashi, na ɗauka ta haƙura.

Sai ga ta ta ratso maza, mayafi a kafaɗa, ta durƙusa gaban Uro ta gaishe shi da harshen Kotokoli, wanda take ji kamar Hausa. Ta nemi izinin magana. Tsohon ya dubi Sarkin Zango, Sarkin Zango ya dubi ƙasa. Ba ta ɗaga murya ba.

"Ranka ya daɗe, yayana bai yi ƙarya ba, bai gani ba. Ni na shuka su. Ni na jiƙa irin, ni na shanya, ni na binne da ƙafata, ɗaya bayan ɗaya. Ruwa bai kawo ko guda ba. A ƙasar nan aka haife ni, a nan aka binne ubana da kakana, kuma na shuka itace a ƙasarmu. Abin da za a yi mini, a yi."

Wurin ya rikice. Ƙannen Mumuni suka miƙe, dattawa suka zaunar da su. Malam Nu'uman ya rufe fuska da rawani. Ni kuwa, kunyar shawarar da na ba ta da alfahari da ita suka haɗu a kaina, har na rasa inda zan sa idona. Uro ya shiga gida da dattawansa, suka daɗe, suka fito da hukuncin da kowa ya riga ya sani. Tunda ita ta shuka, itatuwan nata ne, babu mai taɓa su. Tunda ta karya sharaɗi, aro ya ƙare. Ta kwashe abinta kaf kafin ruwan fari, ta bar musu ƙasarsu.

Haka ta ci itatuwanta, ta hanyar da ta tilasta mata kashe su tun ba su gama girma ba. Dillalan suka biyo ta har gida da fara'a, ta ce ko reshe ba za su samu ba, abin da ta rena ba zai hau jirgi yana gungume ba, a Dapaong za a yanka shi, kafintocin ƙasar nan su ci abinci da shi. Ta je ta samo izinin sara a wurin ma'aikatan daji, ta ɗauko masu injin. Na ce ta zauna a gari mu za mu kula, ta ƙi. Kullum tana tsaye a gonar tun safe, rana na dukanta, kuma ba ta kau da kai ga ko ɗaya ba sa'ad da yake faɗuwa. Wani ta ce wannan shekarar da aka yi fari ta shuka shi, wani ta ce shekarar auren 'yarta. Mumuni ya zo sau ɗaya ya tsaya daga nesa, ta aika masa da ruwa, ya sha ya tafi. Na yi ta jigila tsakanin Sokodé da Dapaong, mota na nishi a hawan Aledjo, har gonar ta koma fili mai kututture.

Abin da manyan Zango suka ji tsoro kuwa ya faru, ko da bai kai yadda suka zata ba. Wasu masu ƙasa suka zagaya gonakin da suka ara, suna duban kowane mangwaro da kowane tsiro da ido biyu. Yawancinsu an lallashe su. Amma gidaje kaɗan an ce su tashi, cikinsu har da Baba Kassimu, tsohon mahauci da ƙarfinsa ya ƙare ya koma noma, wanda bai taɓa dasa ko zogale ba. Da masarar gonar nan yake ciyar da gida mai cike da jikoki. Malam Nu'uman ya daina amsa gaisuwar ƙanwarsa. Matan unguwa da ke rububin zuwa gaishe ta idan ta sauka suka ɗauke ƙafa.

Ranar da muka ɗauko lodin ƙarshe, mun fito bakin titi sai ga Baba Kassimu tsaye da sanda, ya ɗaga mana hannu. Na tsaya. Inna Jumma ta sauko, ta durƙusa a gabansa cikin ƙura. Na shirya jin zagi, don na san bakin mahauta. Bai zage ta ba, da ma ya zage ta ɗin da ya fi sauƙi.

"Jumma, kakanki da kakana tare suka sha ruwan garin nan. Duk abin da kika faɗa gaban Uro sun san shi, mu ma mun sani. Shiru muka yi don yara su ci tuwo. Ke kin faɗa, zuciyarki ta yi sanyi, ga katakonki a mota. Ni bana a ina zan shuka masara?"

Ta ce ya bari ta nema masa wata gonar haya, ita za ta biya. Ya ce shi ba roƙo ya zo ba, ya zo ne ta ga fuskarsa. Ya juya ya tafi yana dogara sandarsa.

Muka kama hanya. Mun wuce Bafilo, mun wuce Kara, tana kallon taga, hawaye na bin kumatunta ba ta share ba. Tausayinta ya kama ni, haushinta ma ya kama ni, don tsohon nan bai ci mata komai ba. Sai da muka kusa Mango na kasa daurewa, na tambaye ta ko ta yi da-na-sani.

"Kassimu yana da gaskiya," in ji ta. "Na cuce shi, kuma zan tsaya da shi gaban Allah a kan wannan. Amma ni na shuka su, Muhsin. Ko gobe aka sake tara mutanen nan, abin da zan faɗa ke nan."

Katakon ya shiga kasuwa, ya zama ƙofofi da tagogi da gadaje a Dapaong da Nano da Cinkassé, wasu ma sun tsallaka iyaka. Masu saye kan tambayi daga ina wannan tek ɗin yake, ta ce daga gonarta, ko da yake ba ta da ko taku ɗaya a can yanzu. Yayanta ya sauko daga fushi bayan wata Sallah, suna gaisawa sama-sama. Baba Kassimu kuwa ya koma zaman bakin mahauta, yana wanke kayan ciki ana ba shi abin da aka ba shi.

Tun daga wannan shekara, kowace kaka takan sayi masara mai kyau, ta sa a ɗinke buhunan, ta ce in kai ƙofar gidansa. Nakan sauke, in yi sallama. Yakan fito ya amsa, ya tambayi hanya, ya tambayi lafiyarta, sannan ya ce in mayar mata da kayanta, shi gona ya rasa, ba sadaka ba. Bana ma na kai. Ya rame, idonsa ya fara dushewa, sai da ya shafa buhun da hannu kafin ya gane ko mene ne, kuma jikokinsa na tsaye a zaure suna kallon masarar. Duk da haka ya ce in loda abina.

Na dawo Dapaong raina a ɓace, na ce mata ni na gaji da wannan aike, ita ba za ta ce ta yi kuskure ba, shi ba zai karɓa ba, yara kuma na kwana da yunwa a tsakaninsu. Na ce ta je da kanta ta ce masa da ta sani da ta yi shiru, kalma ɗaya ce, wataƙila ya karɓa. Ta cire goron daga bakinta ta riƙe a hannu. Ta ce za ta je, za ta durƙusa, za ta roƙe shi gafara sau nawa yake so, amma wannan kalmar ba za ta fito daga bakinta ba, don ba gaskiya ba ce, kuma Kassimu zai fi kowa sanin ba gaskiya ba ce.

Ta sa aka bar buhunan a mota. Da asuba ta riga ni zuwa tasha, tana zaune a gaba da mayafinta, ta ce in tayar mu koma Sokodé.